Ƙofar Da Aka Rubuta Wa Baƙi

Jama'a, yau ku yafe mini doguwar gaisuwa. Wanda ya tashi lafiya ya gode wa Allah. Ni dai wata takarda ce ta kwana a jakata, kuma ita ta hana ni karyawa, ta hana ni cin na rana. Falle ɗaya ce da aka yago daga littafin 'yan lekol, wato 'yan makaranta, an rubuta mata kalma guda da jan bik. Zan faɗa muku kalmar, amma sai kun biyo ni a hankali, don in na fara da ita baƙar magana za ta kufce mini, kuma na san akwai iyaye a cikin masu karanta ni.

Ga wanda yau ne ya fara cin karo da ni: sunana Ramlatu, shekarata ashirin da bakwai. Sajfam ce ni, wato ungozomar asibiti, a Gaffati nake aiki. Kullum da safe in tada babur ɗina in fita, in dawo Birni, unguwarmu a Damagaram, da la'asar takalmi cike da yashi. Gidanmu kakanmu ne ya gina shi, baduku ne, har yau in aka yi ruwa zauren sai ya tashi da warin jima. Mu ashirin da uku ne a cikinsa. Bayi ɗaya. A'a, ba kuskuren rubutu ba ne, ɗaya. In kana son ka san wa ake shakka a gidanmu, ka zo da sassafe ka ga wanda ake matsa wa ya wuce da butarsa.

Daminar bara katangar gabas ta zauna da tsakar rana, ta danne akurkin kaji da tukwane biyu. Allah ya tsare ba yaro a wurin. Washegari Baba Ɗanƙarami ya tara mu. Ƙanin mahaifinmu ne, tun da Baba ya rasu shi ne babba. Yana da rumfar atamfa a kasuwar Dole, kuma in yana magana sai ya riƙa ware hannu kamar yana auna yadi.

"Kowa yana ƙulle ɗan nasa a gefe," in ji shi, "kuma na kowa ba zai saya masa ko ƙyaure ba. Mu sayar da wannan, mu haɗa abin da ke shigo mana wuri ɗaya, mu sayi gida na gaske, mu zauna tare yadda muka taso."

Wallahi ni na fara cewa madalla. Ku riƙe wannan, kar gobe wani ya ce daman baƙin ciki nake yi.

Aka samu gidan a hanyar Tanout. Wani Alhaji ɗan Kano ne ya gina shi, ya yi shekaru yana kasuwanci a nan, yanzu tsufa ya zo yana son komawa cikin danginsa. Ya yarda a ba shi rabi yanzu, sauran a riƙa ba shi wata-wata har shekara huɗu. Amma ya kafa sharaɗi: sai masu albashin gwamnati biyu sun sa hannu a gaban noter, mai buga hatimi a takardun ciniki, don shi ya san halin kasuwa, yau ta yi gobe ba ta yi ba. To duk gidanmu masu albashi biyu ne cak. Yayana Safiyanu da ke koyarwa a kolej, sai kuma 'yar uwarku.

Tun daga ranar na zama 'yar lele. Ni da ake aika sayo gishiri ko da na dawo daga karɓar haihuwa uku, sai ga shi ana ajiye mini tsoka a miya. Matar Baba Ɗanƙarami har "Madam" take ce mini, tana tambayata ko na gaji.

Yanzu bari in shigo da Alkasum, don na san wasunku shi kuke jira.

Likitan dabbobi ne, ɗan Gouna, yana zaune a Karkada gidan yayansa. Mun haɗu ne ranar da ya ɗauko wata mai naƙuda daga ruga a bayan babur ɗinsa. Ko sunanta bai sani ba, amma ya tsaya a bakin ƙofa har ta sauka lafiya, yana ta tambayata ko akwai abin da za a sayo. Dogo ne, wankan tarwaɗa, mai sanyin magana, irin mutanen da in suka ce "ba komai" to da gaske ba komai ɗin. Ina sonsa. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, ina sonsa, har warin maganin shanun nan da ba ya barin rigarsa na saba da shi.

Shekara biyu yana zuwa zaurenmu. Sau uku yana neman izinin turo manyansa. Na farko Baba Ɗanƙarami ya ce a bari damina ta wuce. Ta wuce. Na biyu ya ce a bari a yi salla. Aka yi ƙarama, aka yi babba, har soyayyen naman layya ya ƙare a kwanon kakarmu Iya. Na uku, watan jiya, ya ce, "Yanzu hankalinmu yana kan gida. A bari a natsu." Ban san fassarar "a natsu" ba sai jiya.

Shekaranjiya Juma'a saƙo ya shigo guruf ɗin gida, wanda Yaya Safiyanu ya raɗa wa suna "Zuri'ar Baduku, Sabon Gida", har da hoton makulli.

*Gobe Asabar ƙarfe goma za mu je kowa ya ga ɗakinsa. Na riga na liƙa sunaye a ƙofofi. Litinin ƙarfe tara sa hannu wajen noter. Ramlatu, kar ki manta katinki da takardar albashi.*

Kowa ya ga ɗakinsa! Jama'a, ni fa tun da aka haife ni ban taɓa rufe ƙofa a kaina ba. Mu uku ne a ɗakin Iya, kakarmu: ita, ni, da Goggo Aliya, sai buhunan gero a kusurwa. Kayana suna cikin akwati biyu a ƙarƙashin gado. In zan canja riga sai na ce wa mutane su juya. Nan take na shiga zaɓen labule a waya. Ruwan toka nake so, mai ɗan zaren azurfa a baki. Har na tura wa Alkasum hoto biyu.

*Wannan ko wancan?*

*Duk wanda ranki ya so. Amma kar ki sayi mai tsada, ai ba daɗewa za ki yi a ciki ba in sha Allah.*

Na zauna ina murmushi ni kaɗai kamar sakara. Ban ji komai a maganar ba sai daɗi.

Goggo Aliya da na ambata ƙanwar mahaifinmu ce. A Magaria ta yi aure, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gida shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ita ce mai alkakin da ake rububi a bukukuwan Birni. In kin taɓa cin alkaki a kayan garar wata amarya kika ji zuma har gadon bayanki, ta yiwu hannunta ne. Katifarta a ƙasa take, gefen gadon Iya, kullum da safe ta naɗe ta ta jingina da bango. Da aka fara maganar sabon gida, ita ma ta kwance bakin zanenta ta ba da nata ba tare da an tambaye ta ba.

Jiya da safe na ciro lafayata ruwan zuma wadda nake ɓoyo don biki, na turara ta har sau biyu, na shafa humra, na sa ɗan kunnen da Alkasum ya sayo mini. Goggo ta sa tsohuwar atamfarta shuɗiya, ta sha guga har tana tsayuwa da kanta. Na ga ta ƙulla wani abu a leda ta riƙe da kasko.

"Goggo, mene ne wannan?"

"Turaren wuta. Ba a shiga sabon ɗaki da hannu biyu, 'yar nan. In fara turara shi ya san mai shi."

Motar Baba Ɗanƙarami da adaidaita uku suka kwashe mu, yara kan cinya, Iya a gaba tana ta ja wa direba kunne ya bi a hankali.

Gidan kam gida ne, ba zan yi masa ƙarya don raina a ɓace yake ba. Koren ƙyauren ƙarfe, hawa biyu, karo, wato tayil, tun daga bakin ƙofa har sama, santsi sai da muka riƙe Iya. Ga tankin ruwa a kan rufi. Kun san Damagaram da ruwa, ba sai na yi muku bayani ba. Iya ta murɗa famfon tsakar gida, ruwa ya zubo da ƙarfi da rana tsaka, ta yi salati, ta ƙi yarda a rufe sai da ta wanke fuska da ƙafa. Bayi shida. Yara suka bazu suna ta danna na zamanin nan suna ihu in ruwa ya tafi.

"Ina zauren?" Iya ta tambaya.

"Iya, irin wannan ginin ba a yi masa zaure," in ji Yaya Safiyanu. "Garaj ne."

"To masu zance a ina za su tsaya? Su jingina da mota?"

Aka yi dariya, har da ni. Sannan kowa ya bazama neman sunansa.

Na fara da sama, don zuciyata ta riga ta zaɓi wani ɗaki mai taga ta gabas. *Baba Ɗanƙarami da iyali*, ƙofa uku a jere. *Safiyanu da iyali*, ƙofa biyu. *Yara*. Na sauko. *Iya da Mama*. Kusa da shi wani ɗaki mai faɗi da dush, wato wurin wanka, a ciki, an rubuta *Sha'ibu*. Sha'ibu ƙanena ne, shekara uku yana maimaita aji ɗaya a jami'a, ko katin waya ni nake saka masa. Na ce to, ba laifi, nawa yana gaba. Na wuce kicin. Na wuce wata ƙofa da aka rubuta wa *Kayan abinci*. Jama'a, har buhun gero ya samu sunansa a ƙofa.

Na sake hawa sama, na sake bi ɗaya bayan ɗaya, har ina duba ƙasa ko iska ta yar da tawa. Babu.

A can ƙarshen baranda, bayan kicin, akwai wani ɗaki da tagarsa ke kallon garaj. A nan na tarar da Goggo Aliya tsaye, kasko a hannu ɗaya, ledar turare a ɗayan. Ta kafa wa takardar ƙofar ido tana murmushi. Goggo ba ta yi boko ba.

"Yauwa, Ramlatu, zo. Matar Safiyanu ta ce wannan ne namu ni da ke. Karanta mini. Aliya ya rubuta, ko Goggo ya sa, ɗan banza?"

Na ɗaga ido. Da jan bik, manyan haruffa, har an ja layi a ƙasa: BAƘI.

Na karɓi haihuwar da uwa ta kusa tafiya a hannuna, bakina bai mutu ba. Jiya ya mutu. Na tsaya ina kallon kalmar, Goggo tana kallon bakina tana jira.

"Ina zuwa, Goggo," kawai na iya cewa.

Na samu Yaya Safiyanu a salon, wato falo, yana nuna wa matarsa inda za a kafa talabijin.

"Yaya, ban ga sunana ba."

"Ai ga shi can bayan kicin, ke da Goggo."

"Baƙi aka rubuta."

"Eh to, ai na ɗan lokaci ne. Ke aure za ki yi. In kin tafi sai ya zama na baƙi gaba ɗaya. Shi ya sa ban ɓata takarda sau biyu ba."

Bai ɓata takarda sau biyu ba! Kun ji fa. Mutumin da ke yaga littafin ɗalibai ya yi fifita in zafi ya dame shi, a kaina ya koyi tattali.

"Sha'ibu fa?"

"Sha'ibu namiji ne, nan zai kawo matarsa wata rana."

"Goggo fa? Ita ma auren za ta yi?"

Ya sosa ƙeya. "Goggo ai... ba a san abin da Allah zai yi ba."

"To in aka yi baƙin na gaske fa?"

"Sai ku ɗan matsa wajen Iya kwana biyu. Mene ne a ciki? Ramlatu, kar ki ɓata mana ranar farin ciki don Allah."

Gidan da ba kaya a ciki murya tana amsa kuwwa, don haka kafin in rufe baki kowa ya taru. Baba Ɗanƙarami ya sauko daga sama yana gyara hula.

"Lafiya, Madam?"

Na durƙusa kamar yadda aka koya mini, don ko raina ya ɓaci ban manta tarbiyya ba. "Baba, tambaya gare ni. Yaya ya ce ba a rubuta sunana ba don aure zan yi. Auren yaushe ne?"

"In an natsu, ai na faɗa wa yaron."

"Yaushe za a natsu, Baba?"

Ya ware hannu. "In an gama da Alhaji. Shekara huɗu kamar gobe ne. Ke ma kin sani, mace in ta shiga gidan miji, abin hannunta can yake bin ta. Yau a ce haihuwa, gobe a ce miji ya hana. Sai mu tsaya da rabin gida?"

"A takardar noter fa, su wa za a rubuta masu gida?"

"Ni, da Safiyanu, da Sha'ibu. Ke sunanki yana wajen masu lamuni. Ai duk ɗaya ne, gidanku ne."

A nan abin ya zauna mini daram.

"Wato Baba, ba zan tafi ba don ana bukatar hannuna. Kuma ba za a rubuta sunana ba don tafiya zan yi. To ni ina nake ke nan, ciki ko waje?"

Mama ta matso ta mintsine ni a damtse. "Ramlatu! A gaban mutane? Ki yi haƙuri mana, ki rufa mini asiri."

"Boko ne ya yi mata yawa," in ji Baba Ɗanƙarami. "Haka muka taras ana yi, haka kowane gida ke yi."

Iya tana zaune a kan matakala ta miƙe ƙafa, na ɗauka ma ba ta ji. Sai ta buga sandarta a kan karo.

"Ɗanƙarami. Ni na binne mabiyiyar Safiyanu a bayan ɗakina. Ni na binne ta Ramlatu, taku biyu ne tsakaninsu. Taka da ta Aliya suna gindin rumbu, kafaɗa da kafaɗa. Ban tuna na ɗauki ta wata na kai zaure na ce ta baƙuwa ce ba."

"Iya, wannan ai maganar da ce."

"Da ɗin ce ta haife ka."

Ni na san wannan maganar fiye da kowa a wurin. Kullum ina naɗe mabiyiya in miƙa wa kakanni su kai gida su binne, kuma ban taɓa ganin wadda ta tsaya tambaya mace ce ko namiji kafin ta karɓa ba. Sai an girma ake tuna wa ke gida, wa ke hanya.

Ina tsaye ina huci sai na ji an taɓa hannuna. Goggo ce. Ashe ta ji komai daga baranda. Ta ɓamɓaro takardar daga ƙofar, ta ninke ta gida huɗu, ta saka mini a tafin hannu.

"Ajiye, kar iska ta ɗauke musu," in ji ta.

Turaren nan haka ta dawo da shi a ƙulle, ta mayar cikin kwallarta. Wannan ya fi komai ci mini rai, ya fi maganar Yaya, ya fi ta Baba.

Yau Lahadi tun safe waya ba ta huta ba. Yaya Safiyanu: *Ki bar wannan rigimar, kar ki kunyata mu gaban Alhaji.* Matarsa: *Anti Ramlatu, in labule ne ni zan saya miki.* Sha'ibu, da ba shi da kunya ko ta sisi: *Yaya, in kina so mu yi musanya zuwa lokacin da zan yi aure. Af, katina ya ƙare.* Da rana aka kawo mini tuwo da tsoka uku, na rufe na tura ƙarƙashin gado.

Bayan la'asar aka ce Alkasum yana zaure. Ban yi kwalliya ba, hijabi kawai na zura a kan rigar gida, na ɗauki jakata. Yana zaune a kan bencin kakanmu da farar shadda, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kallo ɗaya ya yi mini ya gyara zama.

"Wa ya taɓa mini ke?"

Na zazzage masa komai, tun daga buhun gero har zuwa shekara huɗu. Bai katse ni ba. Da na kai kan Goggo da kaskonta sai na ga ya sunkuyar da kai yana girgizawa.

"Wannan ba daidai ba ne," in ji shi. "Wallahi ba daidai ba ne. Ki ɗauki nauyin gida shekara huɗu, a ce ke baƙuwa ce? Kar ki sa hannu, Ramlatu."

Kun san yadda zuciya take in an goya mata baya. Na ji wani sanyi, har ƙwalla ta taru mini. Na ce a raina, to ko duniya ta taru, ina da mutum ɗaya da ya gane.

"Ni ma da albishir na zo," ya ci gaba, fuskarsa ta washe. "Na yi magana da Yaya Mahamud. Ya ce ba sai mun jira na gina filina ba. Manya su zo, a ɗaura, ki tare a gidansa. Akwai ɗaki a shirye, da dush a ciki, har da fanka."

"Wane ɗaki?"

"Wanda ke kusa da ƙofar shiga ɗin nan. Ɗakin baƙi."

Jama'a.

Na dube shi. Fuskar nan tas, ba wasa a cikinta, ba mugunta, shi a ganinsa kyauta ya kawo mini. Sai dariya ta ƙwace mini, irin wadda ba daɗi a cikinta, na yi ta yi har na dafa bango. Na buɗe jaka na ciro takardar, na warware ta na ɗora masa a gwiwa kusa da hularsa.

"Ga shi. Ka kai ka liƙa, ba sai kun ɓata takarda ba."

Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa. "A'a, Ramlatu, ba haka ba ne. Wannan daban. Na ɗan lokaci ne fa."

Daidai nan labulen cikin gida ya ɗaga. Goggo Aliya ce da farantin alkaki, kamar yadda ta saba kawo masa duk zuwa. Ta ajiye a gefen benci, ta miƙe a hankali tana dafa ƙugu.

"Ranar da na dawo daga Magaria," in ji ta, ba ta kalli kowa ba, "Ɗanƙarami ya ce in ɗan shimfiɗa a ɗakin Iya kafin a gyara mini nawa. Na ɗan lokaci. Ci alkaki, ɗana, na yau ne."

Ta koma ciki. Alkasum bai taɓa farantin ba. Ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce, da muryar nan tasa mai sanyi da ke kashe mini jiki ko ina fushi:

"To faɗa mini. Ina kike so ki zauna?"

"Inda in na rufe ƙofa, duk mai son shiga sai ya yi sallama ya jira na amsa. Ko ɗaki ɗaya ne na laka."

"Filina ko katanga babu."

"To ka fara da ƙofa."

Na ɗauka zai ce na cika rigima, kamar yadda kowa ya ce. Sai ya miƙo mini takardar, ya sa hularsa.

"Ki ba ni zuwa Juma'a," in ji shi. Bai faɗi abin da zai yi ba, ni ma ban tambaya ba. Na ji tashin babur ɗinsa har ya sha kwanar lungu, kuma na rantse muku ban san ko na kore shi ke nan ba.

Kafin tsoro ya canja mini shawara, na shimfiɗa takardar a kan benci na ɗauke ta hoto. Na tura guruf ɗin gida, na rubuta a ƙasa:

*Baƙuwa tana gaida masu gida. Gobe ƙarfe tara ba za ta samu zuwa ba. In an rubuta sunanta da na Goggo Aliya a ƙofa da kuma takardar noter, sai a aiko a sanar da ita.*

Mutum goma sha ɗaya suka karanta cikin minti guda. Ba wanda ya amsa. Na ga Yaya Safiyanu yana rubutu, ya goge, ya sake farawa, ya goge. Na ga Baba Ɗanƙarami yana naɗar murya, ya tsaya, bai turo ba.

Na shige ɗakin Iya. Ita da Goggo suna zaune a kan tabarma suna tsince zogale. Na yi abin da ban taɓa yi ba: na ja tsohon ƙyauren nan da ya shekara nawa a buɗe, ya yi ƙara, ƙasa ta zubo daga samansa, na tura shi ya rufu. Iya ta ɗago ta kalle ni, ta kalli ƙyauren, ta ci gaba da tsintar zogalenta.

A nan nake zaune nake rubuta muku wannan. In Alhaji ya fasa, mutum ashirin da uku za su sake yin damina a ƙarƙashin katangar da ta riga ta nuna halinta, kuma ni za a nuna da yatsa. Na sani. Ba sai kun tuna mini a sharhi ba.

Yanzun nan na ji takun takalmi a tsakar gida. Na san takun. Baba Ɗanƙarami ne, mutumin da sallamarsa da ɗaga labulensa tare suke zuwa, tun ina yarinya ban taɓa ganin ya tsaya jiran amsa ba. Takun ya zo bakin ƙofa ya tsaya.

"Salamu alaikum."

Na amsa a zuciyata. Ba wanda ya motsa. Ƙyauren bai motsa ba shi ma.

Ya yi gyaran murya. "Salamu alaikum. Aliya? Ramlatu?"

Na yunƙura zan tashi. Goggo ta dafa gwiwata da hannunta mai ɗanyen zogale, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Zauna," in ji ta. "Shekara goma sha ɗaya nake jira. Bari mu ji ko zai yi ta uku."